Kiwon Tsutsa da Noman Ciyawar Teku: Wa Ke Riƙe da Littafin Lissafi?

Manomin hatsi na Tasawa ko na Madarunfa ba ya bukatar takarda kafin ya san ranar shuka. Ya ga mahaifinsa yana tona ƙasa bayan ruwan fari domin ya duba inda laima ta kai, shi kuwa mahaifin a wurin nasa uban ya gani. Haka makiyayin Abalak yake gane maraƙar da za ta yi nono tun ba ta kai ko'ina ba. Ilimi ne da aka tara damana bayan damana, ma'ajiyarsa kuwa kawunan dattawa. Shi ya sa ake cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

To, amma cikin shekara 30 zuwa 40 da suka wuce an samu waɗansu sana'o'in noma da kiwo da suka shiga ƙasashe da yawa ba tare da dattijo ko ɗaya ba. Biyu daga cikinsu sun fi jan hankalin hukumomi da masu zuba jari: kiwon ƙwari, wato gyare da tsutsa da fara, domin abincin mutane da na dabbobi, da kuma noman ciyawar teku. Mai kiwon tsutsa a Nairobi ba shi da kakan da zai tambaya. Mata da yawa da ke ɗaure ciyawa a igiya a gaɓar Zanzibar sun girme sana'ar da suke yi. Inda babu dattijo kuwa, abin da aka rubuta shi ke tsayawa a madadinsa. Wannan ne ya buɗe kasuwa ga kamfanonin da ke sayar da manhajar kwamfuta, wato tsarin da ake ɗora wa na'ura mai ƙwaƙwalwa ko wayar salula domin ta tattara bayanan gona, ta adana su, ta kuma fitar da lissafi daga cikinsu.

Sana'o'in ba na wasa ba ne. A shekarar 2013 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoton da ya ce ana cin ƙwari sama da iri 1,900 a duniya, kuma mutum wajen miliyar 2 ke cin su. A shekarar dai ta ƙiyasta gidajen kiwon gyare a ƙasar Tailan sun kai 20,000, suna fitar da tan 7,500 a shekara. Ciyawar teku kuwa, wadda aka noma a duniya a 2020 ta kai wajen tan miliyan 35 ɗanya, kusan duka a Asiya. Ƙasar Sin ita kaɗai ta ɗauki fiye da rabi, Indunusiya na bin ta. A 2023 Bankin Duniya ya yi hasashen cewa sababbin kasuwannin ciyawar za su iya ƙaruwa da dala miliyar 11.8 kafin 2030. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba.

Lissafin akwati ɗaya

Ƙwaron da aka fi kiwo domin abincin dabbobi shi ne wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, wanda Turawa suka laƙaba wa suna ƙudan soja. Ba ya cizo, ba ya bin tuwon mutane kamar ƙudan gida, kuma in ya yi fiffike kwanakinsa ba su cika wuce mako guda ba: ya yi barbara, ta macen ta zuba ƙwai wajen 500, shi ke nan. Tsutsarsa ake so. Tana cin ruɓaɓɓen kayan lambu da dusa da ragowar abinci, idan kuma aka busar da ita wajen kashi 40 bisa ɗari na nauyinta sinadarin gina jiki ne, irin wanda masu haɗa abincin kaji da na kifi ke nema a garin kifi da waken soya. Abin da ta kasayar kuwa taki ne.

Wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwis mai suna Eawag, wadda ta yi gidan gwaji a Sidoarjo cikin tsibirin Java na Indunusiya, ta buga littafin jagora a 2017, kuma ƙa'idar da ta bayar ta yaɗu ƙwarai. A cikin akwatin roba mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 ana zuba tsutsa 10,000 masu kwana 5 da ƙyanƙyashewa, a ba su abinci kilo 15 a zubi uku, a kwashe su bayan kwana 12. Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 4. Zafin da ya dace digiri 24 zuwa 30 ne, abincin kuma ya kasance da ruwa kashi 70 zuwa 80 bisa ɗari.

Akwati ɗaya, ko yaron kanti zai riƙe lissafinsa a ka. Mai karatu ya ɗauka cewa akwatunan 1,200 ne, abin da bai kai babban gida ba a wannan sana'a. Kowace safiya ke nan za a kwashe akwati 100, a zuba sababbi 100, a ciyar da waɗansu 200 da ranar zubinsu ta zo. Kullum ana bukatar abinci tan ɗaya da rabi, da kuma tsutsa miliyan ɗaya masu kwana 5 cif. Waɗannan miliyan ɗaya sun fito daga ƙwan da aka zuba kwana 9 da suka wuce, ƙwan kuwa daga ƙudajen da aka keɓe tun suna tsutsa makonni kafin nan. Idan ɗakin ƙudaje ya yi zafi fiye da kima rana ɗaya, ko haske ya yi ƙaranci suka ƙi barbara, ba za a ga ɓarnar ba sai bayan kwana 9, ranar da akwatuna za su tsaya fayau babu abin zubawa, ga kamyo cike da ruɓaɓɓen kaya a bakin ƙofa yana wari. Kafin nan wa zai tuna yadda ɗakin yake a waccan rana?

Aikin manhajar ke nan. Kowane akwati ana manna masa lamba mai zane wadda waya ke karantawa. Ma'aikaci ya haska ta, ya shigar da nauyin abin da ya zuba da inda aka samo shi. Ranar kwasa ya sake haskawa, ya shigar da nauyin tsutsar. Ƙananan na'urorin awo da aka rataya a ɗakuna suna aiko da zafi da laima dare da rana, abin da ke da amfani domin tsutsa in ta yi yawa a wuri ɗaya jikinta kan ɗumama akwatin fiye da ɗakin, har ta fara gudu ko ta mutu. Daga waɗannan ne kwamfuta ke fitar da amsoshin da riba ke rataye a kansu: kilo nawa na abinci ya ba da kilo ɗaya na tsutsa, dusar wane mai niƙa ce ta fi auki, ƙwai nawa ya kamata a tanada yau domin akwatunan mako mai zuwa.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ido ya kasa, domin tsutsar da ta fito daga ƙwai da ƙyar take kai milimita ɗaya. Ƙananan gidaje sukan ɗebi kaɗan su ƙidaya da hannu, su auna, sa'an nan su ƙiyasta sauran. Kuskure kaɗan a nan sai akwati ya cika maƙil ko ya zauna rabi. Saboda haka kamfanin Entocycle na birnin Landan ya ƙera na'ura mai suna Entosight wadda ke ƙidaya su da kyamara. Wani kamfanin Ingila, Better Origin na garin Kambirij, ya mayar da kwantenar jirgin ruwa ƙaramin gidan tsutsa, ana ajiye ta a gonar kajin ƙwai, ana kuma lura da ita daga nesa ta intanet. A ƙasar Lituwaniya kamfanin Cogastro ya rubuta manhaja ta musamman domin gidajen kiwon ƙwari. Gaskiyar magana, rabin abin da waɗannan ke yi magatakarda mai kula zai iya yin sa da littafi da biro. Fifikon na'urar shi ne tana gwama layi dubu cikin ƙiftawar ido, kuma ranar da gwanin ma'aikaci ya ajiye aiki ba ya tafiya da sanin gidan cikin kansa.

Takardar da ke bin buhu

Akwai dalili na biyu da ya tilasta rubutu, shi ne doka. A 1996 hukumomin Ingila suka amsa cewa ciwon haukan shanu na iya kama mutane, ciwon da ya yaɗu saboda ana ciyar da shanu garin nama da ƙashi na ƴan uwansu. Tun daga nan Tarayyar Turai ta tsananta a kan abincin dabbobi. Dokar da ta kafa a 2002 ta wajabta wa duk mai harkar abinci, daga 2005, ya iya nuna wanda ya sayar masa da wanda ya sayar wa. Garin ƙwari bai samu izinin shiga abincin kifi ba sai a watan Yuli na 2017, na kaji da aladu kuwa sai Satumba 2021. Bugu da ƙari, dokar tana ɗaukar ƙwaron da ake kiwo a matsayin dabbar gida kamar tunkiya, saboda haka an hana ciyar da shi kashin dabbobi ko ragowar gidajen abinci. Mai saye a can ba ya cinikin biri a sama: kowane buhu sai ya zo da tarihin abin da tsutsar ta ci, ranar da aka kwashe ta, da zafin da aka gasa ta da shi. In an samu aibu a buhu ɗaya, lambarsa za ta kai mai bincike ga akwatunan da ya fito, a janye su kaɗai maimakon a rufe gidan duka.

Sauran ƙasashe sun bi sawu. Tailan ta fitar da ƙa'idar kiwon gyare a 2017. A shekarar ce kuma Kenya ta amince da mizanin busassun ƙwari domin abincin dabbobi, bisa binciken cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wadda masani Thomas Odhiambo ya kafa a 1970.

Sai dai kada a yi wa rogo kallon kitse. Kamfanin da ya fi kowa suna a wannan fage a Faransa shi ne Ÿnsect, wanda aka kafa a 2011 domin kiwon tsutsar gari. Ya tara jari sama da dalar Amurka miliyan 600, wato fiye da sefa miliyar 300, har da kuɗin bankin gwamnatin Faransa, ya gina katafaren gida a Poulainville kusa da birnin Amiens inda injuna ke ɗaga akwatuna, na'urorin awo na lura da kome. A Satumba 2024 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, a Disamba 2025 kotu ta rushe shi. Bayanai ba su yi masa ƙaranci ba. Abin da ya kayar da shi kowane ɗan kasuwa ya san shi: garin tsutsa ya fi garin kifi tsada, ya ninka na waken soya, mai kiwon kaji kuwa farashi yake dubawa kafin labari. Kwamfuta tana iya nuna wa mutum yawan asarar da yake yi a kowane kilo daidai wa daida, amma ba ta sa mai saye ya ƙara ko tamma.

Matan Paje da mai sikeli

A Japan da Koriya noman ciyawar teku tsohuwar sana'a ce mai dattawanta. A Zanzibar kuwa sai 1989 aka fara shi domin kasuwa, da irin da aka kawo daga Filifin, bayan shekarun binciken Farfesa Keto Mshigeni na jami'ar Darussalam. Ƙauyukan Paje da Jambiani na gabashin tsibirin Unguja su ne na farko. Masu sana'ar a tsibiran sun haura 20,000, fiye da kashi 80 bisa ɗari mata ne. Da Suwahilanci ana kiran ciyawar mwani.

Yadda ake yi shi ne, idan teku ta janye sosai, abin da ke faruwa sau biyu a wata, matan su shiga ruwa iya gwiwa su kafa turaku cikin yashi, su ja igiyar leda tsakaninsu, su ɗaure guntayen ciyawa a jikinta. Bayan wajen kwana 45 su kwance, su ware iri, su shanya sauran a rana. Kilo 8 zuwa 10 na ɗanya ke ba da kilo ɗaya busasshe. Ana fitar da ita haka zuwa masana'antun ƙasashen waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake kira karajinan, wanda ke shiga man goge haƙori da madarar kwalba da naman gwangwani. Iri biyu ake shukawa: kotoni mai tsada, da sifinosam mai araha. Kotoni ba ya jure zafi. Masaniya Flower Msuya, wadda ta daɗe tana aiki da matan, ta nuna cewa ruwan bakin gaɓa da ba ya wuce digiri 31 a shekarun 1990 daga baya an auna shi har 37 da 38. A irin wannan zafi ciyawar kan yi fari fat ta kakkarye, har ƙauyuka da yawa suka bar kotoni suka koma ga mai arahar. Shawarar masana ita ce a matsa cikin ruwa mai zurfi da sanyi, alhali kuwa hakan na bukatar jirgi da iya iyo, abubuwan da yawancin matan ba su da su.

A fili yake abin da rubutu zai amfana a nan. Da a ce kowane ƙauye yana da tarihin zafin ruwansa na shekara goma, da nauyin abin da kowace igiya ta bayar a kowane wata, da an san lokacin da ɗaure kotoni asara ce da wurin da har yanzu yake yi. Amma akwai littafin da aka daɗe ana rubutawa a waɗannan ƙauyuka, shi ne na mai saye. A shekarun farko kamfanonin fitarwa sun raba ƙauyuka a tsakaninsu, kowanne ya ba matan igiya da iri bisa sharaɗin shi kaɗai za su sayar wa, a farashin da ya yanka. Sikeli nasa ne, shi ke cewa ciyawa ba ta bushe ba ko tana da yashi, shi ke rage nauyi. Masu saye sukan nemi laimar busasshiya kada ta wuce kashi 35 zuwa 40 bisa ɗari, ita kuwa mai kaya ba ta da abin aunawa sai tafin hannunta.

A Indunusiya, inda dubban ƙananan manoma ke sayar wa dillalai hawa-hawa kafin kaya su kai masana'anta, an riga an fara mayar da wannan littafi cikin waya. Kamfanin Koltiva, wanda aka kafa a 2013 ya kuma fara da manoman koko, yana da manhaja mai suna KoltiTrace da ta haɗa har da ciyawar teku. Wakili ya je ƙauye ya rubuta manomi, ya ɗauki taswirar wurin igiyoyinsa da tauraron ɗan Adam, kowane ciniki kuma a shigar da nauyi da farashi da rana. Abin da ke tura masana'antu ga haka shi ne masu sayen Turai da Amurka na neman shaidar asalin kaya, musamman tun da ƙungiyoyin ASC da MSC suka fitar da mizanin ciyawar teku a 2017.

Manomi na da rabonsa a ciki, ba a musu. Wanda bai taɓa riƙe rasit ba yanzu yana da tarihin cinikinsa na shekara biyu ko uku da zai iya nuna wa banki ko asusun bashi, in kuma gardama ta tashi a kan awo akwai abin dubawa. Amma wanda ya biya kuɗin manhajar, galibi mai saye, shi ke ganin allon duka. Ya san tan nawa ke shanye a ƙauyuka 50, ya san wanda bashi ya kama, ya san ranar da kaya za su yi yawa. Ita kuwa mai igiya, in ma tana da waya ta kuma iya karanta harshen da aka rubuta manhajar, layinta kaɗai take gani. Fataken albasa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan: wanda ya san buhu nawa suka rage a rudun Galmi da kewaye, alhali manomi bai san abin da ke cikin rudun maƙwabcinsa ba, shi ke yanka farashi.

An fara neman magani, ko da yake da sauran tafiya. A 2018 ƙungiyoyin manoma da na masu sayar da kayan noma na Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta ce wanda bayanai suka fito daga gonarsa shi ke da ikon cewa wa zai yi amfani da su. Sai dai yarjejeniyar ta ganin dama ce, ba doka ba. A Amurka ƙungiyar GreenWave ta bi wata hanya: tana biyan masu noman ciyawar teku kuɗi a kan igiyar da suka shuka, su kuma su aiko da awonsu ta manhajar My Kelp. Wato ta amsa cewa bayani kaya ne mai kuɗi. Dokokin kare bayanan mutum, irin wadda Nijar ta kafa a 2017 da Kenya a 2019 da Tanzaniya a 2022, sun fi kula da suna da hoto da lambar waya. Nauyin girbin ƙauye, da zarar an cire sunaye, ba su hana kowa ya tara shi ya yi ciniki da shi ba.

Fara, da littattafai biyu da ba su haɗu ba

Nijar ba ta da teku, amma tana da kasuwar ƙwari tun kafin Turawa su yi tunanin tasu. Bayan kaka, da sanyin asuba lokacin da fara ba ta iya tashi, mata da yara a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ke kama ta, a dafa, a shanya, a ɗura a buhu. Daga nan ta bi kasuwannin ƙauye zuwa Katako a Yamai, wata kuma ta tsallaka Najeriya. Wannan kamu ne a daji, ba kiwo ba, kuma yana da dattawansa. Abin da ba shi da shi shi ne amsar tambaya ɗaya da mai ci ke da haƙƙin yi: shin an yi feshin magani a wurin da aka kamo ta?

Tambayar ba ta banza ba ce. A farmakin farar ɗango na 2003 zuwa 2005, wanda ya taimaka wajen jawo yunwar 2005, an fesa wajen hekta miliyan 13 a ƙasashen Sahel da arewacin Afirka. Abin mamaki shi ne ɓangaren hukuma ya daɗe da shiga zamanin manhaja. Tun wajen 2015 FAO ta raba wa ƙasashen da fara ke hayayyafa a cikinsu, har da Nijar, wata na'urar hannu mai suna eLocust3. Ma'aikatan cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, CNLA, idan suna sintiri a Ayar ko Tamesna, sukan shigar da yanayin ciyawa da laimar ƙasa da yawan fara, in an yi feshi kuma su sa sunan maganin da faɗin wurin, saƙon ya bi tauraron ɗan Adam zuwa Yamai da hedkwatar FAO a birnin Roma. Mafi yawan farar kasuwa dai ba ɗango ba ce, ta gonaki ce, feshinta kuwa yana hannun ma'aikatan kare tsirrai, waɗanda su ma suke lissafa hektocin da suka fesa a rahotanninsu na damana. Ke nan hukuma ta san inda magani ya sauka, falke ya san ƙauyen da ya sayi buhunsa da ranar kasuwar, amma babu inda littattafan biyu ke gamuwa.

Kenya ta nuna cewa haɗa su mai yiwuwa ne. A farkon 2021, lokacin da farar ɗango ta mamaye ƙasar, wani kamfani mai suna The Bug Picture ya riƙa biyan mutanen ƙauye shilin 50 a kan kowane kilo da suka kama da dare, yana niƙa ta domin abincin dabbobi da taki. Ya zaɓi garkunan da suka sauka kusa da gidaje ne, inda jirage ba sa feshi. Kayan aikin irin wannan lissafi kuwa ba sai an saya daga Turai ba. Manhajojin ODK da KoboToolbox kyauta ne, suna aiki ko babu rezo sai an dawo gari a aika, kuma wakilan proje-proje a ƙasar nan sun daɗe suna cike tambayoyinsu da su. Lamba a jikin buhu, sunan ƙauye da ranar kamu, sa'an nan buron da zai gwama su da jerin wuraren feshi: abin da ake bukata bai fi haka ba, kuma ƙungiyar fataken fara za ta iya riƙe littafin da kanta maimakon ta jira wani ya riƙe mata.

Kiwon tsutsa ma ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Mai zabi a ƙauye ya daɗe yana haƙo gara domin tsakinsa, kuma a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai an yi gwaje-gwajen kiwon tsutsar ƙudan gida domin abincin kaji. Wanda zai shiga sana'ar da niyyar kasuwa ya lura cewa alƙaluman da ke cikin littattafan jagora da manhajojin waje an auna su a wuraren da zafi ke tsayawa wajen digiri 30. A bazarar Birnin Ƙonni ko Tawa yana haura 43 a inuwa, da hunturu kuma iska ta busar da abincin akwati cikin yini ɗaya. Tsutsa nawa akwati ke ɗauka a watan Afrilu, ruwa nawa za a ƙara wa dusar hatsi a Janairu, sai wanda ya auna a nan ya rubuta zai sani. Kafin ya danna amincewa a kan kowace manhaja, yana da kyau ya karanta inda aka ce wa ke da awon da zai shigar, da kuma ko zai iya kwashe shi in ya bar kamfanin.

Darajar irin wannan awo ta bayyana a kan fara ita kanta. A Nuwamba 2021 Tarayyar Turai ta halatta sayar da wata fara ta kiwo a matsayin abincin mutane, daskararriya ko busasshiya ko gari. Kamfanin Fair Insects na ƙasar Holan, reshen Protix, shi ya nemi izinin, ya gabatar da sakamakon awonsa a kan sinadaran da ke cikinta da ƙwayoyin cuta da tsawon lokacin da take ajiyuwa. Da yake awon mallakarsa ne, dokar ta ba shi shi kaɗai ikon sayar da farar a ƙasashen tarayyar 27 har shekara 5 daga Disamba 2021, sai fa wanda ya kawo nasa awon ko ya samu yardar kamfanin.